Yadda ake haddace kalmomin yanayi na Turanci ta hanyar zagaya birnin San Fitasbag

Kalma ɗaya gare mu: ƙanƙara. Ita ce wadda mai zoɓo ke fasawa a cikin kula, ita ce mai faɗowa tare da ruwan farkon damina tana ƙwanƙwasa kwanon rufi, in kuma muka ga farin abin nan na ƙasashen sanyi a talabijin sai mu ce dusar ƙanƙara mu wuce. Bature ya raba wannan abu gida bakwai ko fiye, kowanne da sunansa, domin kowanne da irin takalmin da ake sa masa. Shi ya sa ɗalibinmu zai haddace jerin kalmomin yanayi ranar Litinin, kafin Juma'a sun bi iska. Laifin ba na ƙwaƙwalwarsa ba ne. Kalmar da ido bai taɓa ganin abin da take nufi ba, da wuya ta sami wurin zama a kai.

Dabarar da ta yi mini amfani, nake kuma koya wa ƙannenmu masu shirin tafiya karatu, ita ce a ba kowace kalma masauki a wani birni na gaske. Na zaɓi San Fitasbag na ƙasar Rasha saboda na zauna a cikinsa, kuma saboda tarihinsa kaf kokawa ce da yanayi. Sarki Bitrus na Ɗaya ne ya kafa shi a 1703 a kan fadama, a bakin kogin Neva, ya zama babban birnin ƙasar har zuwa 1918. Ba sai ka je ba. Waya da ɗan data sun isa.

Mataki na farko: haɗa kayan aiki

Nemi littafin rubutu sabo da biro. Buɗe taswira a wayarka ka rubuta St Petersburg, amma ka tabbata na Rasha ya fito, don akwai takwaransa a jihar Fulorida ta Amurka, can kuma rana ce kullum, ba zai koya maka komai ba. Zana kogin Neva da hannunka a shafin farko, ko da layi ne mai lanƙwasa, ka riƙa ɗiga masa wuraren da za mu tsaya.

Kowane wuri shafi biyu ne. A hagu ka rubuta da Hausa abin da ka gani a hoton wurin: launin sama, tufafin mutane, halin da ƙasa ke ciki. A dama ka rubuta kalmomin Turanci, kowace da jimla guda. Doka ɗaya ce tak: kada kalma ta shiga littafin sai ka ga hotonta. Hanyar neman hoto ita ce ka haɗa sunan wurin da sunan wata, misali Winter Palace January, sannan ka sake nema da July ka kwatanta.

Mataki na biyu: lokutan shekara, daga fada zuwa lambu

Fara da Winter Palace, fadar sarakunan Rasha mai launin kore da fari da aka gama ginawa a 1762, wadda yanzu ita ce zuciyar gidan tarihi na Hermitage. Tafiya kaɗan a gefen kogi sai Summer Garden, lambun da aka shata tun 1704. Ka ga sunaye biyu sun ba ka *winter* da *summer* kyauta. Saura *spring* da *autumn*, wanda Amurkawa ke ce wa *fall*.

A nan ake yawan tuntuɓe. Kada ka ɗora lokutanmu huɗu a kan nasu kai tsaye. Riƙe su da watanni: *winter* Disamba zuwa Fabrairu, *spring* Maris zuwa Mayu, *summer* Yuni zuwa Agusta, *autumn* Satumba zuwa Nuwamba. Hunturu da *winter* sun yi daidai a lokaci, kaka da *autumn* ma haka. Amma watannin da bazara ke gasa mu, su ne watannin da ƙanƙara ke narkewa a can itatuwa na toho. Lokacin da suke kira *summer* kuwa mu muna tsakiyar damina. Idan za ka yi wa baƙo bayanin namu, ka ce *rainy season* da *dry season*.

Mataki na uku: tsaya a kan gada a watan Janairu

Wannan shi ne zango mafi nauyi, ka ba shi mako guda cur. Nemi hoton Palace Bridge a tsakiyar hunturu. Kogin da ke ƙarƙashinta ya daskare fari fat. Neva gajeren kogi ne, kilomita 74, yana fitowa daga tafkin Ladoga ya faɗa mashigin tekun Finlan, amma faɗinsa a tsakiyar birni ya isa ka ga mutane a ɗaya gaɓar kamar tururuwa. Abin da ya rufe kogin shi ne *ice*, ruwan da ya sandare a inda yake. Farin garin da ya kwanta a kansa, wanda ya zubo daga sama kamar auduga, shi ne *snow*, ƙwayarsa guda kuma *snowflake*. Dubi ƙarfen gadar da rassan itatuwa: siririn farin da ya manne musu ba tare da wani abu ya zubo ba, kamar raɓa ce ta daskare, wannan *frost* ne. Ƙanƙararmu ta damina mai kama da tsakuwa sunanta *hail*, kuma a can ma a lokacin zafi take zuwa tare da hadari, ba da hunturu ba.

Sauran ukun su ne waɗanda suka fi shafar mai tafiya a ƙasa. A Nuwambana na farko a birnin na duba waya da safe na ga an rubuta *sleet*. Na ɗauka ɗan'uwan *snow* ne, busasshen abu da za a kaɗe daga kafaɗa, sai na fita da takalmin kambas. Ashe ruwa ne gauraye da ƙanƙara, yana sauka a jiƙe, iska na watsa shi a fuska kamar ana jifanka da jiƙaƙƙen yashi. A ƙasa kuma ya zama caɓi mai launin toka, motoci na fantsama shi, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Wannan caɓin shi ne *slush*. Kafin na isa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa yatsun ƙafata sun daina jin komai, na yini a aji da jiƙaƙƙiyar safa. Da dare sanyi ya ƙaru, caɓin ya daskare ya zama wani siririn santsi da ido ba ya gani a kan kwalta, wanda ake kira *black ice*. Kalmomi uku a yini ɗaya, har yau ban sake neman su a ƙamus ba. Kai da ba ka taka shi ba, nemi bidiyon titin Nevsky Prospekt a watan Nuwamba ko Maris ka kalli ƙafafun mutane kawai.

Ɗaga kai kuma ka dubi rufin gidaje. Ƙanƙarar da ke reto daga bakin indararo mai tsini kamar mashi ita ce *icicle*. A San Fitasbag ba abin ado ba ce, tana faɗowa ta ji wa mutane rauni. Za ka ga an kewaye gefen titi da igiyar leda mai ja da fari, ma'aikata a saman rufi suna farfasa ta. Inda ka ga wannan igiya, ka kauce.

Sai aikatau uku: *freeze* daskarewa, *melt* narkewa, *thaw* kuma lokacin da sanyi ya sassauta gari gaba ɗaya ya fara narkewa. Ka ajiye *freeze* a tafkin Ladoga. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, birnin yana amsa sunan Leningrad, sojojin Jamus da abokan yaƙinsu sun yi masa ƙawanya kwana 872, daga Satumba 1941 zuwa Janairu 1944, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane. Da hunturu, ta kan daskararren tafkin nan manyan motoci suka riƙa shigo da abinci suna fitar da yara da marasa lafiya. Rashawa na kiran hanyar da Hanyar Rayuwa. Rubuta jimlarka a nan: *The lake froze, so lorries could cross the ice.* Ka lura *freeze* ya koma *froze* a abin da ya wuce.

Mataki na huɗu: iska da ambaliya a ganuwa

Ƙetara kogin zuwa Peter and Paul Fortress, wato ganuwar Bitrus da Bulus, a kan wani ɗan tsibiri da ake kira Tsibirin Zomo. A nan aka aza harsashin birnin, kuma har yau ana harba igwa daga kan ganuwar kullum da ƙarfe goma sha biyu na rana. Tsinin majami'ar da ke ciki ya kai mita 122.5, a ƙolinsa akwai siffar mala'ika mai ruwan zinariya da ke juyawa da iska. Irin wannan abu mai nuna inda iska ta fito sunansa *weather vane*.

Jera kalmomin iska daga ƙarama zuwa babba: *breeze* iska mai daɗi da ke kaɗa riga, *wind* iska gaba ɗaya, *gust* bugu guda na ba-zata da ke juya lema, *gale* wadda ke karya rassa. Bature yana sa wa iska sunan inda ta fito, ba inda ta nufa ba, don haka *west wind* daga yamma take tasowa. Haka ma *feels like* da za ka gani a manhajar yanayi: awo na iya cewa digiri biyar ƙasa da sifiri, *minus five*, amma da iska jiki ya ji kamar goma sha biyu ƙasa da sifiri. Wanda ya san jaura ya san wannan bambanci.

Iskar yamman nan ita ce tsohuwar abokiyar gabar birnin. Mu mun saba ambaliya daga ruwan sama take zuwa. A can iska ce ke turo ruwan teku cikin bakin Neva, kogi ya rasa mafita ya hau tituna. Ambaliya *flood* ce, wannan nau'in na turowar teku kuma *storm surge*. An lissafa fiye da 300 tun kafuwar birnin. Mafi muni ita ce ta Nuwamba 1824, ruwa ya tashi santimita 421, sai ta 1924 mai santimita 380. A ƙofar ganuwar da ke fuskantar kogi akwai alamomi a jikin bango da ke nuna inda ruwan ya kai, nemi hotonsu. Sai a 2011 aka kammala madatsa mai tsawon kusan kilomita 25 a mashigin tekun, ana rufe ƙofofinta idan iska ta taso.

Mataki na biyar: hau sama ka karanta sararin samaniya

St Isaac's Cathedral, majami'ar Ishaku, shekara 40 aka yi ana gininta, daga 1818 zuwa 1858, tsayinta mita 101.5. Matakala 262 ke kai mutum barandar da ta kewaye ƙubbarta, daga nan ana hango birni duka, in sama ta yarda. Nemi hotuna huɗu daga wannan baranda. Wanda sama ta yi garau shi ne *clear*. Mai gajimare jefi-jefi *partly cloudy*. Wanda gari ya lumshe, sama ta zama faifai guda mai launin toka ba alamar rana, *overcast* ne, kuma ita ce kalmar da za ka fi gani daga Nuwamba zuwa Janairu. Na huɗu wanda ƙubbar kanta ta ɓace.

Wannan na huɗun yana da tarko. Mu duk abin da ya rufe ido hazo muke ce masa, amma hazonmu na hunturu ƙura ce busasshiya mai fasa leɓe, sunanta *haze*. Na San Fitasbag tururin ruwa ne da ya sauko ƙasa, yana jiƙa gashi da riga. In ya yi kauri *fog* ne, in siriri ne ana hango gini ta cikinsa *mist*. Na sha jin masu Turanci mai kyau suna cewa *fog* ya hana jirgi sauka a Kano a watan Janairu, alhali ƙura ce.

Mataki na shida: ruwan sama da Dutsen Tsawa

Nan ba za ka sha wuya ba, Hausa ta riga ta yi maka rabin aiki. Yayyafi *drizzle* ne, kuma shi ne ruwan yau da kullum na wannan birni. Ruwan da ya zubo ya ɗauke nan da nan *shower*, mai kamar da bakin ƙwarya *downpour*, kududdufin da ya bari a titi *puddle*, bakan gizo *rainbow*.

Masaukinsu yana gaban majami'ar Ishaku ta wajen kogi: Bronze Horseman, mutum-mutumin Sarki Bitrus a kan doki, wanda Sarauniya Katarina ta sa aka yi, aka buɗe a 1782. Ƙaton dutsen da dokin ya taka sunansa Thunder Stone, Dutsen Tsawa, don an ce aradu ce ta taɓa tsaga shi. Sai da aka jira ƙasa ta daskare kafin aka iya jan sa zuwa bakin teku, saboda nauyinsa zai nutse a fadama. Rataya masa *thunder* tsawa, *lightning* walƙiya, da *thunderstorm* hadari mai tsawa.

Mataki na bakwai: daren da ba ya duhu

Birnin yana can arewa sosai, kusan digiri 60 daga tsakiyar duniya. A ƙarshen Disamba hasken yini bai cika awa shida ba, a ƙarshen Yuni ya kusa awa goma sha tara, sauran sa'o'in ma ba duhu ba ne. Wannan su ne *White Nights*, fararen darare. A lokacin ne jama'a ke cika bakin kogi bayan ƙarfe ɗaya na dare suna kallon yadda ake ɗaga gadoji jiragen ruwa su wuce.

Ni dai a masallaci na ajiye waɗannan kalmomi. Babban masallacin birnin yana kusa da ganuwa, mai shuɗiyar ƙubba irin ta gine-ginen Samarƙandu, an fara salla a cikinsa a 1913. Musulmi ya riga ya san waɗannan lokuta da sunayensu: ketowar alfijir *dawn*, fitowar rana *sunrise*, faɗuwarta *sunset*, almuru *dusk*, shafaƙin da ke saura a sama bayan magariba *twilight*. A watan Yuni shafaƙin nan ba ya ɓacewa har alfijir ya riske shi, shi ya sa baƙo ke bin jadawalin masallaci wajen Isha da Asuba maimakon duban sama. Na taɓa fitowa daga sallar magariba wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ina iya karanta rubutun allon titi ba fitila.

A shafin nan ka zana tsani na zafi da sanyi, daga ƙasa zuwa sama: *freezing*, *cold*, *chilly*, *cool*, *mild*, *warm*, *hot*. Ka tuna awon na mai magana ne. Sanyin asubahin hunturu da ke sa mu kewaye wuta, mutumin can *chilly* zai ce masa. Digiri biyu sama da sifiri a Janairu a wurinsa *mild* ne, ashirin da biyar a Yuli kuwa har ya fara cewa *hot*.

Mataki na takwas: mai da kalma magana

Suna yana zama siffa da harafin y: *wind* ya zama *windy*, *cloud* ya zama *cloudy*. A *sunny* da *foggy* ana ninka harafin ƙarshe, a *icy* ana jefar da e. Jimlar yanayi da *it* take farawa: *It is raining* ana ruwa yanzu, *It rains a lot in autumn* al'ada ce ta kowace shekara. Kalmar *weather* ba a sa mata *a* a gaba.

Kula da Hausar da ke leƙowa ta cikin Turancinmu. Ruwa ya dake ni ba *rain beat me* ba ne, ana cewa *I got caught in the rain*. Ina jin sanyi *I am cold*, amma *I have a cold* mura ce. Wajen furuci, harshenmu na son cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, *frost* ta koma furos, *slush* ta koma sulosh. Fara da ja da sautin farko kamar huci, sssleet, fffrost, sannan ka gajarta shi. A *thaw* da *thunder* sa kan harshe tsakanin haƙora ka hura iska. Naɗi muryarka a waya ka kwatanta da ta ƙamusun intanet masu furta kalma.

Mataki na tara: minti biyar kowace safiya

Sa wayarka a Turanci, ka ƙara San Fitasbag a manhajar yanayi kusa da garinku. Kullum bayan sallar asuba ko kafin karin kumallo, duba biyun ka faɗi jimla uku da babbar murya: jiya, yau, gobe. *Yesterday it was overcast. Today it is snowing. Tomorrow it will be windy.* Sannan jimla ɗaya ta kwatanci: *It is much colder in St Petersburg than in Zinder.* Duk kalmar da ta fito a manhajar wadda ba ka sani ba, nemi hotonta, ka duba wane zango ya dace da ita, ka rubuta ta a can.

Da dare kuma, littafi a rufe, bi hanyar a zuci: fada, lambu, gada, ganuwa, baranda, dutse, masallaci. A kowane wuri faɗi abin da ka ajiye. Inda ka tsaya cak, wannan shafin za ka buɗe da safe, ba duka littafin ba. Idan kana da aboki mai koyo, ku riƙa tura wa juna hoto ta WhatsApp ba bayani, wanda aka tura wa ya mayar da saƙon murya na jimla uku.

Akwai kalmomin da ba su da masauki a wannan birni, waɗannan ka kawo su gida. Buɗe shafuka biyu na ƙarshe, ka sa hoton Dutsen Dala ko hasumiyar masallacin Agadas, ka ajiye *drought* fari, *heatwave* tsananin zafi na kwanaki a jere, *sandstorm* guguwar rairayi, *humid* zafin gumi na gab da saukar ruwa, da *dew* raɓa. Ka ƙara *harmattan* a ƙasansu, tana cikin ƙamusun Turanci, sai dai wanda bai taɓa zuwa Afirka ta Yamma ba zai nemi ka yi masa bayani, don haka rubuta jimlar tun yanzu: *The harmattan is a dry, dusty wind that blows from the Sahara.*